Saka murhu a tsohon gida a Ingila: abin da kuɗin mutum yake saye

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ka ce in yi maka bayani filla-filla yadda aka yi saka murhun ɗumama ɗaki a gidan da muka saya a nan Ingila ya ɗauke mu watanni, alhali kai da ka daɗe a aikin gini ka san kafa akwatin ƙarfe a jikin bango bai wuce aikin wuni ɗaya ba. Gaskiyarka. Ranar da masu aikin suka zo, kafin magariba sun tattara kayansu. Abin da ya ci lokaci da kuɗi shi ne duk abin da ke kewaye da akwatin: bututun hayaƙin da ke cikin bango, da neman wanda doka ta yarda ya taɓa shi, da takardar da ke ɗauke da sunan wanda za a tuhuma in wani abu ya faru. Murhun kansa bai kai rabin abin da muka kashe ba.

Sai ka fara sanin irin gidajen. Galibin unguwannin tsofaffin biranen masana'antu a nan jerin gidaje ne na jan bulo, manne da juna, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, da yawansu an gina su tun zamanin Sarauniya Victoria, wato kafin 1901. A lokacin kwal ake ƙonawa, don haka kusan kowane ɗaki yana da ramin murhunsa a bango, kowane rami da tasa hanyar hayaƙin da ta hau ta fita ta saman rufi. Da aka samu iskar gas a Tekun Arewa aka sauya wa gidaje ita tsakanin 1967 da 1977, mutane suka riƙa komawa ɗumama gida da ruwan zafi mai zagaya bututu, aka toshe ramukan da bulo ko katako aka shafe da filasta. Wasu sun yi shekara hamsin ba a hura musu wuta ba. Da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan Rasha ta afka wa Ukraine, sai kowa ya tuna akwai rami a bayan filastarsa. Masu sayar da murhu suka yi ciniki, masu sakawa kuwa sai ka bi layi.

Kayan da ke kasuwa iri-iri ne. Buɗaɗɗen murhu, wanda za ka zauna kana ganin harshen wuta ba shamaki, shi ya fi kyan gani kuma shi ya fi ɓarna, domin mafi yawan zafinsa bin bututu yake ya tafi sama, abin da ke tsayawa a ɗaki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ga shi yana zuƙe ɗumin ɗakin ya ja sanyi ta ƙarƙashin ƙofa. Murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi, irin wanda muka sa, yana riƙe sama da kashi 70 cikin 100 na zafin itacen, saboda kai kake auna iskar da ke shiga. Akwai na gas, wanda ba mai taɓa shi sai ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe, rajistar da ta maye gurbin ta CORGI a 2009. Akwai na lantarki mai hoton wuta, ba hayaƙi ba bututu ba izinin kowa, sai dai lantarki ya fi gas tsada a nan. Akwai kuma wani mai amfani da man ethanol da ake tallarsa da cewa ba ya bukatar bututu. Shi ne na fi tsoro, domin harshensa ba ya ganuwa sosai, mutum sai ya ɗauka ta mutu ya ƙara mai a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta bi kwalbar zuwa hannunsa.

Abin da ke rikita baƙo shi ne a ƙaramar hukuma ofisoshi biyu ne, kuma kowanne damuwarsa daban. Na farko na tsara gari ne, shi abin da ya dame shi yadda gidanka zai kasance a idon titi da maƙwabta. Na biyu na duba ingancin gini ne, shi kuma tambayarsa ko abin da ka yi zai kashe wani. Mutum yana iya tsallake na farko ba tare da ya taka ƙofarsu ba, amma na biyu ba shi da makawa. Duk wannan da nake faɗa maka dokar Ingila ce. Ta Wales ta yi kama da ita, Scotland kuwa tata daban.

Ta ɓangaren tsara gari, in gidanka cikakken gida ne, ba filat ba, kuma tsohon bututun cikin bango za ka yi amfani da shi, ba ka bukatar izini. In ma sabon bututu za ka ɗora a waje, dokar 2015 ta yafe maka neman izini muddin tsayinsa bai ɗara ƙololuwar rufin da mita ɗaya ba. Amma wannan sassauci bai shafi masu zama a gidajen bene na filat ba. A unguwannin da aka keɓe don adana kamanninsu na tarihi kuma, ba ka da ikon kafa bututu a fuskar gidan da ke kallon titi sai da izini. Mafi tsanani su ne gidajen da aka sa a jerin gine-ginen tarihi: a can ko tsohon allon da ke kewaye da bakin murhu a cikin falonka ba za ka cire ba sai an ba ka takarda, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ke kai mutum kotu. Na ga wannan ya yi wa wasu nauyi, amma ni na fahimce shi, domin abin da aka farfasa ba ya dawowa.

Akwai kuma maƙwabci. A jerin gidaje, bututunka da nasa cikin bango ɗaya suke hawa, wani lokaci faɗin bulo guda ne kawai ya raba su. Dokar bangon tarayya ta 1996 ta ce in aikinka zai kai ga sassaƙa ko huda wannan bango, sai ka ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin ka fara. Namu aikin bai kai can ba, duk da haka na je na sanar da shi, kuma za ka ga amfanin hakan nan gaba. Wanda gidansa na dogon haya ne, irin na shekara 99 ko 125, sai mai filin ya amince. Ɗan haya na wata-wata kuwa ba shi da ta cewa sam.

Ofishi na biyu yana aiki da wani kundi na ƙa'idojin gini da ake kira Kundi na J, wanda ya tattara duk abin da ya shafi na'urori masu ƙona makamashi. Na san nan ne zai fi jan hankalinka. Dandamalin da murhu zai zauna a kai, in na gini ne, kaurinsa milimita 125 na kankare ko dutse, kuma in murhun a tsakar fili zai tsaya, faɗinsa aƙalla 840 da 840. In a gaban ramin bango ne, sai ya fito milimita 500 gaba, 150 ta kowane gefe. An yi sassauci ga murhun da aka gwada aka tabbatar ƙasansa ba ya zafafa daɓe fiye da digiri 100: shi falle mai kaurin milimita 12 na gilashi ko dutse ya wadatar. Daga ƙofar murhu zuwa inda kafet ko katako ya fara, milimita 225 ga rufaffen murhu, 300 ga wanda ake iya amfani da shi a buɗe, saboda garwashin da ke gangarowa in an buɗe ƙofa. Bututun ƙarfe mai fata ɗaya da ya tashi daga kan murhu, tazararsa da duk wani abu mai cin wuta ninki uku ne na faɗinsa. Wato bututu mai inci 6 yana son inci 18 tsakaninsa da katako. Nan ne masu son ɗora gungumen katako a saman murhu don ado suke samun matsala da mai aiki.

Dalilin wannan tazara shi ne abin da ban taɓa ji ba sai a nan. Katakon da zafi yake bugu yau da gobe, ko da bai taɓa kamawa ba, bushewa yake yana sauya hali a hankali har ya koma kamar gawayi, sai ya zama zafin da zai kunna shi ya yi ƙasa sosai. Shi ya sa murhun da aka sa ba daidai ba yana iya shekaru lafiya lau, mai gida yana cewa ai ba abin da ya faru, sannan wani dare katakon cikin silin ya kama inda ba mai gani.

A sama kuma, tsayin bututu daga murhu zuwa baki ana son ya kai mita 4.5 don ya ja hayaƙi da kyau. In ya fito kusa da ƙololuwar rufi, cikin milimita 600, sai ya ɗara ta da 600. In a gangaren rufin ya fito, sai bakinsa ya yi nisan mita 2.3 a kwance daga rufin, kuma ya tashi aƙalla mita ɗaya ko ya kai tsayin ƙololuwa. Gidajen ƙauye masu rufin ciyawa, da har yanzu akwai su a kudu maso yammacin ƙasar, nasu mita 1.8 ne. Sai batun iska. Wuta numfashi take, kuma in ba ta samu iska daga waje ba, sai ta jawo ta daga cikin bututu, hayaƙi ya dawo ɗaki. A tsohon gida mai kafofi, murhun da ƙarfin zafinsa bai wuce kilowat 5 ba ba ya bukatar a huda bango. Abin da ya haura haka, kowane kilowat yana son kafa mai faɗin murabba'in milimita 550 wadda ba a rufewa. Shi ya sa in ka shiga shagon murhu za ka ga mafi yawansu an rubuta kilowat 5 ko ƙasa kaɗan. A sababbin gidaje masu matsewa, lissafin daga kilowat na farko yake farawa. Fankar da ke zuƙe tururi a kicin ma tana iya rinjayar bututu ta juyo da hayaƙi, don haka mai aikin kirki sai ya kunna ta ya rufe ƙofofi ya gwada kafin ya tafi.

Inda kuɗi ya fi tafiya shi ne cikin bututun. Sai daga ƙa'idojin 1965 aka wajabta sa wa sabon bututu riga a ciki. Na gabanin haka bulo ne tsirara da aka shafe da turmin farar ƙasa, kuma hayaƙin kwal na shekaru aru-aru yana cinye wannan shafe. Kafin a yi komai mai sharar bututu ya zo ya share namu, ya zura kyamara, sannan ya toshe sama da ƙasa ya kunna wata ƙwayar hayaƙi ta gwaji. Ba a jima ba hayaƙin ya fara fitowa ta gefen katakon daɓen ɗakin yara a sama, maƙwabcina kuma ya leƙa cikin rufinsa ya ce ya gan shi a can. Da wutar gaske ce, abin da zai shiga ɗakin da yara ke barci, da gidan mutumin da bai san ma mun hura wuta ba, iska ce mai guba wadda ba a gani. Maganin shi ne zura riga ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lanƙwasuwa, daga sama har ƙasa, a ɗaure ta a kan murhu, a toshe sauran ramin da faranti na ƙarfe. Faɗinta inci 6, ko inci 5 ga wasu murhunan da aka amince da su. Rigar ma daraja biyu ce, 316 da 904, ta biyun ta fi jure tsatsa kuma ta fi tsada. Wani abin dubawa a tsohon gida shi ne ko wani mai gida na baya ya rushe ɓangaren bututun a ɗaki ɗaya don ƙara fili ya bar sauran a rataye. Ana samun haka, kuma daga falo ba za ka gane ba. Tsuntsaye ma suna sheƙa a ciki, dokar 1981 kuma ta hana taɓa sheƙar da ke da ƙwai ko 'ya'ya, sai a jira su tashi.

Masu yin aikin hanya biyu ce. Ko ka ɗauki wanda ke cikin rajistar ƙwararru, mafi shahara ita ce HETAS, shi doka ta ba shi damar ya yi aikin ya tabbatar da shi da kansa, a sanar da ƙaramar hukuma a madadinka, ya ba ka takardar shaida. Ko kuma ka ɗauki magini na gari, ko ka yi da hannunka, amma sai ka sanar da ofishin duba gini kafin a fara, ka biya kuɗinsu, su turo mai dubawa. Duka biyun halal ne a doka. Akwai ta uku da ba ta cikin doka, kuma ita ce za a fara yi maka tayi: wani ya ce ka sayo murhu mai rahusa ta intanet shi zai ɗora maka ranar Asabar, kuɗi a hannu, ba takarda. Wanda ya zo mana da irin wannan ko sama bai kalla ba, ya ce bututun da ya yi shekara ɗari yana aiki ba zai gaza yanzu ba. Farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai saboda babu riga a lissafinsa. Wanda muka ba aikin kuwa ya fara da auna ɗaki, ya tambayi shekarar da aka sauya tagogi, ya hau cikin rufi da tocila, ya ƙi faɗin farashi sai bayan gwajin hayaƙi. Da ya gama ya manna wani ɗan faranti kusa da mitar lantarki mai ɗauke da bayanin bututu da irin makamashin da ya dace da shi da ranar aiki, don wanda zai zo bayanmu. Wannan farantin ma doka ce.

Ba shi ke nan ba, saura dokar hayaƙi, wadda tarihinta ya sa ba na ganin laifinta. A watan Disamban 1952 hazo ya haɗu da hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan daga ranar 5 zuwa 9. Ƙiyasin farko ya ce mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Daga nan aka yi dokar tsaftar iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ayyana yankunan hana hayaƙi. Yau mafi yawan Landan da manyan birane irin su Birmingham da Manchester suna ciki. A irin wannan yanki ba ka ƙona itace a buɗaɗɗen murhu, sai a murhun da ma'aikatar muhalli, Defra, ta gwada ta sa a jerinta. In bututunka yana tuƙa hayaƙi, tarar daga fam 175 zuwa 300 ce, sayen makamashin da ba a amince da shi ba kuma yana iya kai fam 1,000. Tun 1 ga Janairun 2022 duk sabon murhun da za a sayar sai ya cika sababbin ƙa'idojin rage hayaƙi. Wannan ya sa sayen na hannu ya zama abin lura, domin tsohon murhu mai kyan gani yana iya zama wanda ba shi da hurumi a unguwarku.

Itacen ma ba a bar shi haka ba. Tun watan Mayun 2021 an hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri da kwal na gida a buhu, a 2023 kuma aka rufe sayar da kwal ɗin ga gidaje baki ɗaya. Itacen da za ka saya a buhu yana da tambarin da ke nuna danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Wannan ya shafi gobara kai tsaye. Ɗanyen itace yana ci a sanyaye, tururinsa yana daskarewa a jikin bututu ya zama kwalta, kwaltar nan kuma ita ce ke kamawa wata rana da ruri mai tsanani har ta tsattsaga bulo. Katakon da aka yi wa fenti ko magani, da guntayen kujeru, ba a sa su ko kaɗan saboda gubar da suke fitarwa.

Na kwatanta duk wannan da abin da wani abokina da ke Jamus ya sha da ya sa nasa, kuma a ganina sun fi mu a wuri ɗaya mai muhimmanci. A can kowace gunduma tana da mai sharar bututu da hukuma ta naɗa na wa'adin shekara bakwai. Kafin ka sayi murhu shi za ka fara tuntuɓa, kuma ba ka hura wutar farko sai ya zo ya amince. Sau biyu cikin shekara bakwai ɗin yana zuwa ya duba duk abin da ke ƙona makamashi a gidan, ya ba ka takardar da ta jera abin da za a yi da lokacinsa. Tun 2013 kana da 'yancin ɗaukar wani ƙwararren ya yi sharar, amma sai ka aika masa shaidar an yi, in ba haka ba hukuma ta tilasta. Tsofaffin murhuna ma an yanka musu wa'adi rukuni-rukuni, na ƙarshe waɗanda aka ƙera daga 1995 zuwa Maris 2010, an ce zuwa ƙarshen 2024 ko su cika ƙa'ida, ko a sa musu matata, ko a daina amfani da su. A Ingila kuwa tsananin duk a ranar sakawa yake. Daga ranar da aka ba ka takarda, in gidanka ne kake ciki, ba wanda zai sake ƙwanƙwasa maka ƙofa. Shawarar dai ita ce a share aƙalla sau ɗaya a shekara, mai ƙona itace kullum sau biyu, amma shawara ce kawai. Kuma kowa yana iya sayen buroshi ya ce shi mai sharar bututu ne, ƙungiyoyin sana'ar shiga cikinsu ganin dama ne. Abokina yana ƙorafin kuɗin da yake biya duk shekara, ni kuwa da an ba ni zaɓi da na ɗauki tsarinsu, domin bututu a shekara ta biyar ya fi na ranar farko haɗari. Birnin Montreal na Kanada ya bi wata hanyar daban: tun Oktoban 2018 ya hana amfani da duk murhun itacen da hayaƙinsa ya wuce giram 2.5 na ƙura a awa ɗaya, tsoho ko sabo.

Abin da ya fi gobara saurin kisa shi ne iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, har mutum ya ɗauka mura ce. Abin lura shi ne kowa a gidan yana jin haka lokaci ɗaya, kuma in an fita waje sai a ji sauƙi. Tun Oktoban 2010 duk wanda ya sa murhun itace ko kwal dole ya sa na'urar gargaɗi a ɗakin, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhun, a silin ko can sama a bango. A Oktoban 2022 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da na'urorin gas da na mai, ban da murhun girki na gas. Wannan na'ura ita ce mafi araha a duk kayan da muka saya, kuma na ƙara ɗaya a ɗakin da bututu ya ratsa a sama ko da doka ba ta ce ba. Tokar da aka kwashe ma tana iya kwana da garwashi a ciki tana fitar da wannan iska, don haka a bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta a fitar waje, nesa da bango da kwandon shara.

Hidimar da ta fi burge ni ba a biya mata ko kwabo. Hukumomin 'yan kwana-kwana suna zuwa gida kyauta in ka nema, su duba na'urorin gargaɗin hayaƙi, su tsara muku hanyar fita in gobara ta tashi da dare, musamman gidan da ke da tsofaffi ko ƙananan yara. Wadda ta zo mana ta ce a matsar da kwandon itace daga jikin murhu, a daina shanya kaya kusa da shi, a sa shingen ƙarfe da ake ɗaurewa a bango saboda yara, domin gilashin ƙofar yana ƙona fata nan take. Ta ce in muka ji bututu yana ruri, a rufe kafofin iskar murhu, kowa ya fita, a kira lambar gaggawa, 999, daga waje.

Takardar shaidar kuwa amfaninta yana zuwa ne a wurare biyu. Kamfanin inshora yana son a sanar da shi an sa murhu, kuma in gobara ta tashi yana iya neman shaidar sakawa da ta shara kafin ya biya. Sannan ranar da za ka sayar da gida, lauyan mai saye zai tambaye ta. In babu, sai ka nemi ƙaramar hukuma ta zo ta duba aikin bayan an gama, wani lokaci a farfasa abin da aka rufe don su gani. Da can shekara ɗaya hukuma take da ita ta umarce ka ka gyara ko ka cire aikin da ya saɓa ƙa'ida, tun 2023 an mai da shi shekara 10.

Ka tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ga wanda ke cikin birni, da gas a gidansa, yana sayen busasshen itace a buhu, ban ga ribar kuɗi ba, kuma zai daɗe bai mai da abin da ya kashe ba. Rahoton babban jami'in lafiya na Ingila na 2022 ya nuna cewa ko sabon murhu mai cika ƙa'ida yana fitar da ƙurar da ke shiga huhu sau ɗaruruwa fiye da na'urar ɗumama gida ta gas, kuma maƙwabta ne ke shaƙa tare da kai. Saboda haka mu ba kullum muke hurawa ba, sai a tsananin sanyi, ko ranar da lantarki ya ɗauke na'urar gas ta tsaya. Ga mutumin ƙauye da bututun gas bai kai gare shi ba, yana da wurin busar da itacensa shekara biyu, lissafin daban ne, shi murhu bukata ce.

Game da yaronka da zai zo karatu, shi haya zai kama, don haka ba ruwansa da saka murhu, amma ka faɗa masa abin da zai duba ranar da aka ba shi makulli. Doka ta wajabta wa mai gida ya sa na'urar gargaɗin hayaƙi a kowane hawa, da ta kabon monoksaid a duk ɗakin da ke da murhu ko na'urar gas ta ɗumama gida, ya kuma ba shi takardar duba gas wadda ba ta wuce wata 12 ba. Ya danna maɓallin gwaji na kowace na'ura ya ji ƙararta da kunnensa. In ya tarar da ramin murhu a ɗakinsa, kada ya hura komai a ciki sai mai gida ya nuna masa takardar shara kuma ya amince a rubuce. Kome tsananin sanyi kada ya shigo da gawayi ko abin gashi cikin ɗaki, kada kuma ya toshe kafofin iskar da ya gani a bango da tsumma. In ya iso ya kira ni, zan je in duba ɗakin tare da shi.

A gaishe min da kowa da kowa.